BABI NA HUƊU: TARKEN DARASIN KAI-TSAYE DA NAƊAƊƊEN DARASI A MAKARANTUN SAKANDARE

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an kawo tarihin yadda kafofin sadarwa suka shigo cikin sha'anin koyarwa, tun daga rediyo da talabijin har zuwa wayar hannu. Wannan babi kuwa zai ɗora ne a kan hanyoyi biyu da ake bi wajen koyar da ɗaliban sakandare ta intanet, domin a auna kowace a ga inda ta yi rawar gani da kuma inda ta gaza. Za a gina tarken a kan abin da ya faru a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sannan a jingina shi da darasin Hausa, tunda shi ne fagen wannan nazari.

4.1 Ma'anar Hanyoyin Biyu

Darasin kai-tsaye shi ne wanda malami da ɗalibai ke haɗuwa a kansa a lokaci guda, ko da yake kowa yana gidansu, ta hanyar manhajoji irin su Zoom ko Google Meet. Malami na magana ɗalibi na ji, ɗalibi na iya ɗaga hannu ya yi tambaya a ba shi amsa nan take. Naɗaɗɗen darasi kuwa shi ne wanda aka riga aka ɗauka a bidiyo ko a murya, ko aka rubuta aka ajiye, ɗalibi ya buɗe shi sa'ad da ya ga dama, ya tsayar, ya koma baya, ya wuce gaba gwargwadon ƙarfinsa.

Abin lura a nan shi ne, kalmar kai-tsaye ta ƙunshi abubuwa biyu waɗanda sau da yawa ake cakuɗa su. Na farko shi ne haɗuwar lokaci, wato an sa sa'a, kowa ya san ƙarfe kaza za a fara. Na biyu shi ne mayar da magana, wato malami ya ji abin da ke fitowa daga bakin ɗalibi. Darasin rediyo, alal misali, yana da na farko amma ba shi da na biyu, in ban da 'yan mintocin da akan ware don buga waya. Wannan rarrabewa ita ce za a riƙa komawa gare ta har ƙarshen babin.

4.2 Rufe Makarantu a Shekarar 2020

An sami mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, kuma kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu a duk faɗin ƙasar. 'Yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan, wato mako biyu kacal suka samu a gaban malamansu bayan zaman gida na fiye da wata huɗu. Sauran azuzuwa kuwa mafi yawansu sai daga watan Oktoba suka fara komawa.

A cikin wannan tsakani makarantu sun kasu gida uku. Makarantun kuɗi na manyan birane sun koma Zoom, wasu har da kiran suna da sa kayan makaranta. Jihohi da dama, ciki har da Kaduna da Kano da Legas, sun sa darussa a rediyo da talabijin. Saura kuma, waɗanda su ne suka fi yawa, sun dogara da abin da wani malami mai himma ya tura ta WhatsApp, ko kuma ba su sami komai ba. Wannan ba Nijeriya kaɗai ya shafa ba, domin a watan Agusta 2020 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, kimanin kashi ɗaya cikin uku na 'yan makaranta, ba su da hanyar samun karatu daga nesa ko wane iri ne.

Ke nan duk muhawarar da ake yi a kan wace hanya ta fi, muhawara ce a kan yaran da aƙalla suke iya kaiwa ga waya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa.

4.3 Darasin Kai-tsaye

Ko shakka babu, babban abin da darasin kai-tsaye ya mallaka shi ne yana sa wa ranar ɗalibi ƙa'ida. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar bai kai munzalin tsara wa kansa lokaci ba, kuma ba laifinsa ba ne, shekarun ne suka zo da haka. Idan aka ce da shi malam zai shigo ƙarfe tara, to ƙarfe tara ta zama wani abu a rayuwarsa. Wannan ya fi bayyana ga 'ya mace. A gidaje da yawa yarinyar da ke zaune ba ta makaranta, ita ce ta wanke-wanke da shara da raino da aike, wani lokaci har da talla. In tana da sa'ar da aka yanka, tana da hujjar da za ta kawo wa mahaifiyarta, ta ce, “Inna, malam ya shigo.” In kuwa darasin ajiye yake, ana iya kallonsa ko yaushe, amsar da za ta samu ita ce ta gama aikin tukuna. Aikin gida kuwa ba ya ƙarewa.

Sai dai tsadar wannan hanya ta kai inda ta kai. Sa'a guda ta bidiyo kai-tsaye takan cinye data fiye da rabin gigabait. Idan aka ɗauka ana yin sa'a huɗu a rana, kwana biyar a mako, an tasam ma gigabait goma a mako guda don yaro ɗaya, alhali a shekarar 2020 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Magidanci mai 'ya'ya uku a sakandare ba sai an yi masa lissafin ba. Ga kuma batun wuta. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya kusan miliyan 85 ba su haɗe da layin wutar lantarki, waɗanda ke haɗe kuma sun san halinta. Bugu da ƙari, a gidaje da yawa wayar da ke iya ɗaukar bidiyo guda ɗaya ce, ta maigida, kuma tana tare da shi a kasuwa ko ofis daidai lokacin da ake darasin. Wanda sabis ya yanke masa a tsakiyar bayani ya yi asarar wannan gaɓar ke nan, domin ajin ba zai jira shi ba.

Akwai kuma wani lamari da ba a cika ambato ba, wato kunya da sirrin gida. Buɗe kyamara yana nufin 'yan aji, maza da mata, su leƙa cikin ɗakin mutum, su ga tabarmarsa da bangonsa, wataƙila har matan gida suna wucewa. Gidan da ba a yarda baligi ya wuce zaure ba, da wuya a yarda idon waya ya shiga tsakar gida. Saboda haka sai a rufe kyamara, a rufe makirfo. Da zarar an yi haka, malami ya koma yana magana da baƙaƙen akwatuna masu ɗauke da sunaye, bai san wa ke saurare ba, wa ya ajiye wayar ya tafi wasan ƙwallo. A nan darasin ya riƙe haɗuwar lokaci amma ya saki mayar da magana, ya zama rediyo mai tsada.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar duba makarantu ta Ingila, Ofsted, ta fito a watan Janairu 2021 ta ce kuskure ne a ɗauka darasin kai-tsaye shi ne ya fi kowane a ko da yaushe. Kafin nan, a watan Afrilu 2020, gidauniyar Education Endowment Foundation ta can Ingila ta tattara binciken da ake da shi ta nuna cewa ingancin koyarwar ya fi muhimmanci a kan ko kai-tsaye aka yi ta ko naɗaɗɗiya ce. Maganar gaskiya ce, amma tana buƙatar taka tsantsan kafin a ɗauko ta a dasa a nan. A Ingila ana magana ne a kan ɗalibin da malaminsa zai karɓi aikinsa ya duba ya mayar masa ko ta wace hanya aka koyar, kuma gwamnati ta wajabta wa makarantun sakandare sa'a biyar ta karatu a rana a wancan zangon. Wanda ya ciro rabin maganar ya bar wannan sharaɗi, ya ɗauki rigar ne ya bar mai ita.

4.4 Naɗaɗɗen Darasi

Masu goyon bayan naɗaɗɗen darasi suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a kawo su yadda suke. Ana ɗaukarsa sau ɗaya ya yi wa dubbai amfani. Ana iya sauke shi cikin dare lokacin da data ta fi araha, ko a tura shi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, kamar dai yadda matasa ke tura wa juna waƙoƙi da fina-finai. Yaron da wayar mahaifinsa ba ta dawowa gida sai bayan isha'i yana iya yin karatunsa a lokacin. Mai saurin fahimta ba a tsare shi, mai nauyin fahimta kuma yana iya maimaita bayani sau goma ba wanda zai yi masa dariya. A makarantar da ba ta da malamin kimiyyar lissafi ko na sinadarai sam, bidiyon gwanin malami ya fi babu nesa ba kusa ba. A kan wannan tunani ne Salman Khan ya fara sa bidiyoyinsa a YouTube a 2006, ya kafa Khan Academy a 2008. A Nijeriya ma kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, ya fara ne da darussa naɗaɗɗu a katin ajiya na waya don kauce wa tsadar data, kuma a watan Maris 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport a kan irin wannan tsari.

To amma me ke faruwa idan aka bar ɗalibi da shi shi kaɗai? A nan ne alƙaluman da ake da su ba su yi wa wannan hanya daɗi ba. A 2015 cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford a Amurka ta fitar da sakamakon bincike a kan makarantun da ke koyarwa ta intanet zalla, inda mafi yawan karatun ɗalibi ke yin sa shi kaɗai. An gano cewa a shekara guda ɗalibansu na baya da takwarorinsu na makarantun aji da abin da ya kai kwana 72 na karatu a fannin karanta rubutu, da kwana 180 a fannin lissafi. Kwana 180 kuwa shi ne tsawon shekarar karatu a can, wato a lissafi kamar ba su je makaranta ba ke nan. Wani rahoto da ya fito tare da wannan ya nuna cewa lokacin da irin waɗannan ɗalibai ke samu tare da malami kai-tsaye a mako guda bai kai wanda ɗan makarantar aji ke samu a rana ɗaya ba. Ana iya cewa da ma yaran da ke komawa irin waɗannan makarantu suna da matsalolinsu tun farko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai giɓin ya yi faɗin da wannan uzuri ba zai cike shi ba.

Binciken da aka yi a birnin Shikago ya fi wannan tsafta, domin ƙuri'a aka yi wajen raba ɗaliban. A hutun bazara na 2011 da 2012 an ɗauki ɗalibai 1,224 da suka faɗi darasin aljabara a shekararsu ta farko ta babbar sakandare, aka sa wasu su maimaita ta kwamfuta, wasu kuma a gaban malami. Kashi 76 cikin 100 na waɗanda ke gaban malami sun haye, na kwamfuta kuwa kashi 66. Dole a faɗa cewa wannan gwaji ya kwatanta kwamfuta ne da aji na zahiri, bai kwatanta ta da darasin kai-tsaye na intanet ba, don haka ba za a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya nuna abu guda a sarari: ɗalibi mai rauni, wanda aka ce don shi aka ƙirƙiro tafiya daidai ƙarfi, shi ne wanda hanyar ta fi bari a baya. Hatta manya ba su tsira ba. A darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT suka sa a dandalin edX, waɗanda suka kai ƙarshe a zangon 2017 zuwa 2018 ba su wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 na masu rajista ba. Idan wannan ne halin baligin da ya kai kansa, ina ga yaron aji huɗu da aka tura?

Wani abin sha'awa shi ne, su kansu jagororin wannan hanya sun dawo sun nemi malami mai rai. Salman Khan ya buɗe Schoolhouse.world a 2020 don koyarwa kai-tsaye a ƙananan rukunoni, uLesson ma daga baya ya ƙara darussan kai-tsaye a kan naɗaɗɗun.

4.5 Darasi Daga Makarantar Allo

Masu tallata naɗaɗɗen darasi sukan gabatar da tafiyar kowa daidai ƙarfinsa tamkar wani sabon abu da kwamfuta ta zo da shi. Ga Bahaushe kuwa wannan tsohon zance ne. A makarantar allo ba a taɓa yin aji ɗaya mai tafiya tare ba. Kowane yaro da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, kuma ba wanda ke jiran wani. Yara biyu na iya shiga rana ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya sauka da shekara biyu, ba a ce wani ya faɗi jarrabawa ba. Ta wannan fuska makarantar allo ta riga Khan Academy da ɗaruruwan shekaru.

Sai dai idan aka duba da kyau za a ga cewa 'yancin almajiri yana kewaye da shinge biyu. Shinge na farko shi ne lokaci da wuri. Ko da yake karatun kowa daban, zaman ɗaya ne, da safe da yamma, a tsangaya kuma har da dare a gefen wuta. Kowa na ɗaga murya, kuma wanda ya yi shiru nan da nan za a gane. Shinge na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne biyawa. Malam ne ke biya wa yaro sabon karatu, kuma yaro ba ya wanke allonsa don kansa ya ga ya iya. Sai ya zo ya gurfana ya karanta, malam ko wani gardi ya saurara, ya gyara masa wasali ko mafitar harafi, sannan a ce ya wanke a yi masa ƙari. Wato saurin tafiya na almajiri ne, amma ƙofar wucewa tana hannun malam.

Naɗaɗɗen darasi, a yadda aka fi yin sa, ya ɗauki allon ya watsar da shingayen biyu. Ɗalibi ne ke sa wa kansa lokaci, shi ne kuma ke yanke hukuncin cewa ya gane. Kallon gwanin malami yana warware lissafi a bidiyo yana sa mutum ya ji kamar shi ma ya iya, sai an ba shi alli sannan gaskiya ta fito. 'Yan tambayoyin zaɓi-ɗaya da na'ura ke bayarwa a ƙarshen darasi ba su kai matsayin biyawa ba, domin ana iya cankar amsa, ana iya maimaitawa har a dace, kuma na'urar tana sanin an yi kuskure ne kawai, ba ta tambayar yaro yadda aka yi ya isa can.

Akwai misalai na zamani da suka tabbatar da amfanin waɗannan shingaye. A jihar Amazonas ta ƙasar Birazil, tun 2007 ake watsa darussan sakandare kai-tsaye ta tauraron ɗan'adam daga birnin Manaus zuwa ƙauyukan da ke bakin kogi, amma ba a bar yara da talabijin su kaɗai ba, kowane aji da malaminsa a ciki. A ƙasar Botsuwana kuma, a lokacin rufe makarantu na 2020, ƙungiyar Young 1ove ta gwada tura wa wasu gidaje tambayoyin lissafi ta saƙon tes kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kimanin minti 15 zuwa 20 a mako. Waɗanda aka kira sun ci gaba a fili, saƙon tes shi kaɗai kuwa bai nuna wani tasiri na a zo a gani ba. Yaran firamare ne aka yi gwajin da su, saboda haka ba za a ce dole haka zai kasance a sakandare ba, amma abin da ya bambanta rukunonin biyu shi ne dai wannan biyawa, kuma da ƙaramar waya aka yi ta, ba bidiyo ba data.

4.6 Matsayin Darasin Hausa

Idan aka zo kan darasin Hausa sai a tarar sassansa ba su amsa hanyoyin biyu daidai wa daida ba. Akwai inda naɗaɗɗen darasi ya fi aji ma. Waƙar baka abar ji ce, amma shekara da shekaru ana koyar da ita daga takarda, ɗalibi ya haddace sunan Narambaɗa da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, ya rubuta jigo da salo, alhali a aji bai taɓa jin kiɗan kotso ko kalangu ko kuntigi ba. Naɗaɗɗen darasi na iya kawo muryar mawaƙin da kanta, a tsayar a kan ɗiya guda, a nuna inda 'yan amshi suka karɓa, a sake sakawa. Haka rubutacciyar waƙa irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, wadda sai an rera ta karinta ke fitowa, kuma ba kowane malami Allah ya hore wa murya ba.

Amma a fannin nazarin sauti lamarin ya juya. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka gari na mutane da gari na tuwo. Ɗalibi Bahaushe yana furta kowace daidai tun yana goye, matsalarsa ita ce ya ji abin da bakinsa ke yi har ya iya cewa wannan gaɓa sama take, wannan ƙasa, wannan wasali dogo ne. Bidiyo zai iya maimaita masa misali sau ɗari, amma ba zai ji shi sa'ad da ya sa alamar a gurbin da ba nata ba. Malami kuwa cikin daƙiƙa kaɗan zai ce, “Sake faɗa, ja shi, ka ji ya sauka?” Kuma wanda bai rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba, ba shi da hanyar shiga awon waƙa.

Haka abin yake a insha'i. Yaron Sakkwato zai rubuta sunka zo a maimakon suka zo, ko biyat a maimakon biyar, kuma ba kuskure ya yi a harshensa ba, karin garinsu ne. Aikin malami shi ne ya nuna masa inda karin harshe ya tsaya da inda Daidaitacciyar Hausa ta fara, ba tare da ya sa shi jin kunyar maganar iyayensa ba. Darasin da aka naɗa a Kano ko Abuja don ƙasa baki ɗaya bai san wannan yaro ba. Ga kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. Wayoyi da yawa ba a saita su da ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka ɗalibi zai buga baki yana nufin baƙi, ko kafa yana nufin ƙafa. Na'urar da ke duba amsa ko dai ta kayar da shi a kan laifin waya, ko kuma a sassauta ta ta karɓi duka biyun, ta koya masa cewa lanƙwasa ba ta da amfani. Ko wanne aka zaɓa an yi ɓarna.

Adabin baka kuwa shi da kansa ya yanke hukunci. Mai tatsuniya in ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” ba ta ci gaba sai an amsa mata. Kacici-kacici ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Ko a rubutaccen zube, akun da ke cikin littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya yi nasarar tsare Musa ɗan sarki ne domin yana kallonsa, yana lura da lokacin da ya yunƙura zai fita, sai ya jefo wani labarin. Da a faifai aka naɗe akun, da Musa ya kashe shi tun daren farko ya kama hanya. Tattauna jigon bauta a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka ne, ɗalibi na buƙatar ya faɗi ra'ayinsa wani ya musa masa, ya koma littafin ya nemo hujja.

Bisa ga waɗannan dalilai, ra'ayin wannan nazari shi ne, a halin da makarantun gwamnati ke ciki, bayani ya tafi a naɗe, a murya ko gajeren bidiyo mai sauƙin turawa, amma kada a yarda ɗalibi ya wuce zuwa darasi na gaba sai ya biya wa malami na baya da bakinsa, a sa'ar da aka yanka, ko da ta kiran waya ne ko saƙon murya na WhatsApp. Tsadar bidiyo kai-tsaye ba ita ce ke koyarwa ba, kunnen malami ne.

Sai dai wannan shawara ma tana da nata cikas, kuma nauyinsa a kan malami zai faɗa. Idan aka ɗauki malamin Hausa mai aji huɗu, kowane aji da ɗalibai 80, yana da yara 320. In zai saurari kowane na minti biyar kacal a mako, ya ci minti 1,600, wato sama da sa'a 26, ban da shirya darasi da duba rubutu. Ko an haɗa su biyar-biyar a kira ɗaya na minti goma, ana maganar fiye da sa'a goma ne a mako, da katin waya wanda in ba a yi tanadinsa ba daga albashinsa zai fito. Makarantar allo ta warware irin wannan matsala ta hanyar sa manyan almajirai su saurari ƙanana, malam ya riƙe na sama. Ko za a iya ba 'yan aji shida irin wannan aiki a kan 'yan aji huɗu, da yadda hukumar makaranta za ta sa ido a kai, shi ne abin da babi na biyar zai duba.